Haƙori Ɗaya a Sarƙar Injin

A tashar Birnin Konni kowa ya san Abarshi makanike, kuma kowa ya san ba a yi masa wasa da safe. Mutumin Alela ne, ya zo gari yana karen mota, ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin wani ɗan kasuwa masu ɗaukar siminti daga Malbaza, har ranar da ya jefi maigidan da sifana saboda ya ce a zuba baƙin mai da aka riga aka juye. Tun daga nan ya kafa rumfarsa ta kwano a bakin hanyar Dogon Dutsi. Yanzu ya haura sittin, gemunsa ya yi fari, amma zuciyar tana nan yadda take.

Tsofaffin motoci ne aikinsa. A cikinsu babu wadda ya sani kamar akori-kurar marigayi Alhaji Illo, Fijo mai fiye da shekara arba'in, wadda take kai albasar Galmi bakin iyaka. Shekara ashirin da shida babu hannun da ya taɓa injinta sai nasa. Da Alhaji ya rasu, motar ta faɗa hannun ɗansa Attahiru.

Bayan wata biyu ta fara ɗan tari idan ta yi sanyi. Attahiru bai kawo ta ba. Ya haye da ita iyaka, zuwa wani sabon gareji mai allo da fitilu, inda aka ce na'ura ke duba mota. Can aka buɗe injin, aka canza sarƙar da ke daidaita tafiyar injin, aka cire karbirato, wato abin da ke gauraya mai da iska, aka sa sabo. Ta dawo ta fi da lalacewa. Da aka tambayi Attahiru a tasha, sai ya ce masu garejin sun gaya masa tsohon makanikensa ne ya daɗe yana cutar injin.

Maganar ta iso kunnen Abarshi kafin motar ta iso. Ran Laraba da hantsi aka turo ta da hannu har gaban rumfarsa, buhunan albasa talatin a bayanta sun fara wari.

"Baba, ina kwana," in ji Attahiru, yana kallon ƙasa.

"Kai ne ka ce ni na kashe motar ubanka?"

"Baba, ba ni na faɗi ba, su ne..."

"Da bakin wa aka ji a tasha? Tada ta!"

Attahiru ya murza makulli. Injin ya kama da ƙyar, yana karkarwa kamar mai masassara, yana harbi ta karbirato, bututun salansa na fidda baƙin hayaƙi. Abarshi ya tsaya ya karkata kai yana saurare.

"Tana zafi in ka hau tudu?"

"Tana yi."

"Ka taka mai, ta ƙi tahiya?"

"Haka ne."

"Kashe ta, tun ban kashe ka ba."

Ya kwance buji guda huɗu, masu kunna wa injin wuta, ya jera a kan tsumma, duk sun yi baƙi da toka. Ya bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, ya ga suna kan tsarinsu. Ya buɗe murfin delko, mai raba wa buji wuta, ya ɗaga shi ga rana. Ga tsaga nan siririya kamar gashi.

"Ka ga wannan? Shi ne tarin da ta fara. Murhi ne kawai! Da ka kawo ta, kahin ka sha shayi na gama."

Amma tsagar ba za ta sa wannan harbi ba, ya sani. Ya toshe ramin buji na farko da babban yatsa, ya sa Attahiru ya juya injin da sifana a hankali, har iska ta tunkuɗo yatsan. Ya duba alamar da ke kan fulin gaba, wato faifan da bel ke zagayawa, ya duba inda hancin delko ya nufa. An murɗa delkon har ƙarshen inda zai iya kaiwa, duk da haka bai hau daidai ba. Nan Abarshi ya gane. Ya cire radiyata, ya buɗe murfin sarƙa, ya ƙirga da farce. An ɗora sarƙar a kan giyarta da kuskuren haƙori ɗaya, sannan aka yi ta murɗa delko don a rufe ɓarnar.

Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda masu kabu-kabu da mai shayi za su ji.

"Ku zo ku ga aikin na'ura! Haƙori guda! Motar da aka ƙera tun ba a haihe su ba, ina za su soka mata na'ura? Ba su da kunne, ba su da ido, sai baki na zagin mutane!"

Jama'a suka taru suna leƙe. Attahiru ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na yi kuskure."

"Ba ni za ka ba haƙuri nan ba. A tasha ka ɓata ni, can za ka je ka gyara. Kuma ina tsohon karbiraton?"

"Sun riƙe shi."

"Tahi ka karɓo shi. Wanga da suka sa maka kwano ne."

Attahiru ya hau babur ya tafi. Kafin la'asar ya dawo hannu wofi, an riga an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Abarshi ya buga guduma a kan teburin aikinsa har kusoshi suka warwatse. Sannan ya koma ya gyara zaman sarƙar, ya sa wani murfin delko daga cikin akwatinsa, ya daidaita wuta da kunne, yana murɗawa kaɗan-kaɗan har karkarwar ta tsaya. Motar ta tashi lafiya, ko da yake muryarta ba ta koma irin ta da ba. Rabin albasar kuwa ta riga ta ruɓe.

Attahiru ya yi yadda aka ce masa, washegari ya tsaya a tasha ya janye maganarsa. Amma da damina ta wuce sai ya sayar da motar, ya sayi babura masu ƙafa uku guda biyu. Wanda ya saya ba direba ba ne, mai yanka motoci ne. Abarshi ya ji labari, ya rufe rumfa ya tafi har filin da ake yankan. Ya tarar an riga an raba ta biyu, injin yana kife a ƙasa, akuya na tsaye a kansa.

Ya zagi mai filin, ya zagi Attahiru da ba ya nan, har sai da aka riƙe shi. Da ya koma gida matarsa Saude ta ajiye masa tuwo, ya ture kwanon.

"Malam, motar taka ce?" ta tambaye shi.

"Ba tawa ba ce," ya ce. "Amma lahiyarta lau suka yanka ta."

Kwana uku bai buɗe rumfa ba. A na huɗu wani bafulatani daga Illela ya jawo wata tsohuwar mota da igiya, Abarshi ya fito yana faɗa tun kafin a buɗe injin.