Burtalin da Ya Rame

A shekarun da ake ta zancen Turawa za su tafi, mu abin da ya dame mu burtali ne. Gidanmu yana Ƙofar Ran, amma shanunmu suna ruga ta hanyar Zungur, wajen baffana, wanda shi ne ardon wurin. Ni ke kora su mashaya, kuma hanyar ɗaya ce tal, ta tsakiyar gonaki.

Akwai wani manomi, dogo, wanda carbi ba ya barin hannunsa, gonarsa tana bakin burtalin. Kowace damina sai shingensa na bini-da-zugu ya ɗan matso. In ka yi magana ya ce, "Ikon Allah! Ai itace ne, yaɗo yake yi." Ni dai ban taɓa ganin itacen da ke yaɗo gefe guda ba sai nasa. Har ta kai shanu biyu ba sa jerawa, in kuwa wata ta miƙa baki ta tsinki ganye, sai ƙara wajen mai unguwa.

Ni da zuciyata ke kusa, na ce wa Baffa ya bar ni in saki garken cikin geron, a yi ta ta ƙare. Ya ce, "Kul! Saniya tana da makamin da ya fi baki."

A wancan zamani, in an yi girbi manoma ke bin mu da roƙo, har da damin dawa, mu kai shanu su kwana a gonakinsu, su ci kara su bar taki. Da kaka ta yi, Baffa ya amsa wa kowa ban da mutumin nan. Bai tsaya nan ba, ya sa na yi wa shanun makwanci a gonar maƙwabcinsa, daidai kan iyaka. Shekara biyu muna haka.

Geron maƙwabci ya fi mutum tsawo, nasa kuwa kamar tsintsiya, ga ƙuduji ya yi masa rubdugu. Kullum na zo wucewa sai in rusuna cikin ladabi in ce, "Sannu da aiki, Malam. Wannan wane iri ne haka? Ko za a sam mana?" Wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai na ji daɗi.

Ran nan sai ga shi a ruga da goro. Ya ce, "Ardo, bana a taimaka a kawo shanun."

Baffa ya ɓare goron, ya tauna a natse, sannan ya ce, "Malam, ai shanun ba su ƙi ba. Ƙiba ce ta yi musu yawa, hanyar ba ta ɗaukarsu."

Washegari da hannunsa ya tumɓuke shingen, ina zaune a kan dutse ina nuna masa inda ya rage.

Muka ɗauka mun yi maganin abin ke nan har abada. Bayan an sami mulkin kai, takin zamani ya fara shigowa cikin buhu, sannu a hankali manoma suka daina zuwa ruga roƙo. Ba wanda ya yi faɗa da mu. Gonaki ne kawai suka riƙa cin hanyar hagu da dama, har ranar da na dawo da shanu ba su sha ruwa ba. Raina a ɓace na tambayi Baffa, lokacin ya tsufa, wace dabara kuma ta rage. Ya dubi shanun, ya ce in gaya wa mata su fara ɗaure kaya.