Jaridu a Bangon Tirela

A filin da ake ajiye tirelolin kwana, wato ƙananan ɗakunan da mota ke ja, a bayan garin Umeå, wani dattijo yana durƙushe cikin tasa, ya ɓalle katakon bango. Girarsa fara fat, hannuwansa kuwa irin na wanda ya tsufa da gatari. Ga buhun ulun tumaki a gefensa, ya zo ƙara wa cikin bangon don tare sanyi kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

Amma tsofaffin jaridu yake zarowa, jiƙaƙƙu, duk sun yi funfuna. Ulu ko ƙyallinsa babu.

Maƙwabcinsa ya leƙo, riƙe da gahawarsa. "Gunvald, karatu ka koma da tsufanka?"

Dattijon bai yi dariya ba. "Ƙanena Arvid ne ya cusa bangon nan. Ya rantse mini ulu ya sa har sama."

Kusa da inda ya buɗe akwai ɗan gado, da rigar sanyin mace a ninke a kan matashi. Da ganin ninkin, mai rigar ba za ta sake sa ta ba.

Dattijon ya shafa rigar a hankali. "Shekara tara marigayiya matata tana ce mini sanyi na shigo mata ta nan. Ni kuwa ina ce mata raki ne."