Hannun da Ba Ya Riƙe Aska

Yayana mai aski ne. Shekara ashirin da shida ya yi a shago ɗaya, da kujera ɗaya, gaban wani madubi mai tsagewa a kusurwa. Sannu-Sannu ake ce masa a layinmu, don in ka zauna a kujerarsa kana sauri, to ka ɓata ranarka. Sauran masu aski duk sun koma kilifa, a yi maka ƙuuu a minti biyar a tashe ka. Shi kuwa gemu da wuya sai da aska, wadda yake wasawa a jikin wata tsohuwar fata da ke rataye a ƙusa. Shagona na ɗinki manne yake da nasa, katako ne kawai tsakaninmu, kuma ni ce autar gidanmu.

Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, ni na fara jin faɗuwar kwanon kumfa. Sati uku ya yi a asibiti. Da likita ya ce ɓangaren hagu ne abin ya taɓa, duk muka sauke ajiyar zuciya, har ni mai shegen surutu na ce, "Yaya, an yi sa'a, ai da dama kake riƙe aska." Ya dube ni kawai. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ashe hannun dama jan aska kawai yake yi. Hagu ne mai aikin. Babban yatsa da manuniya su ke jan fata, su miƙar da ita ta yi sumul kafin ƙarfe ya bi ta kai, in kuwa fatar ta saki sai aska ta ci nama. Ƙafarsa ta dawo, bakinsa ya daidaita, amma babban yatsan nan ya kwanta a tafin hannu kamar ba nasa ba. Bayan wata huɗu ya buɗe shago. Mutum na biyu da ya zauna ya tashi dafe da haɓa, tawul jina-jina. Yaya ya kulle ƙofa da kansa, ya koma gida ya shige ɗaki.

A asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya yi ya wurga ta bayan kabad. In matarsa ta ce "sannu", sai ya juya fuska bango. Tausayinmu ne ya fi ciwon ƙona masa rai, mu kuma ba mu da abin ba shi sai shi.

Ana nan sai Direba ya zo dubiya, wani direban babbar mota da ya daɗe yana aski a wurinsa. Ya zaro wata na'ura daga aljihu, faɗin tafin hannu biyu, gilashi a tsakiya, madannai a dama, a hagu kuma wani ɗan abu kamar maɓallin riga da ake turawa da babban yatsa. Ya ce da ita yake rage lokaci in ana yi masa lodi.

Na ce, "Haba Direba! Mutum da furfurarsa, gem, wasan yara, za ka kawo masa? Me ka mai da shi?"

Ya ce, "Auta, ke dai bar shi ya taɓa. In bai so ba, in na dawo daga tafiya sai in ɗauki abata."

Labarin da ke ciki na wata mata ce mai fitila. Dodo ya sace kogin garinsu ya ɓoye a can sama, cikin wasu tsibirai masu yawo a gajimare, ita kuma ta fita nemowa. Da hannun dama ake sa ta tsalle da sara, amma tafiyarta gaba ɗaya a yatsan hagu take. In bai motsa ba, haka za ta tsaya riƙe da fitilarta tana jira. Sati guda Yaya ya yi kafin ya fitar da ita daga ƙofar gari.

Ni da na raina abin, ni na koma leƙe ta kafaɗarsa. Na lura gem ɗin ba ya cewa sannu, ba ya kuma dariya. In matar ta faɗa rami, sai ta farka a bakin rijiyar ƙarshe da ta sha ruwa, da fitilarta a kunne, a sake. Ba ya gajiya da kai, ba ya sassauta maka don kana ciwo. Kuma ko yaushe akwai wani abu a gaba da ke jan ka: ƙofar da ba ta buɗe ba, tsohon da ya yi alkawarin taswira, kifi mai fukafukai da ake hawa. Mutumin da ya ƙi matsa ƙwallo sau goma, sai ga shi yana tura yatsa sau dubu kafin azahar don kawai ya ga abin da ke bayan dutse. Caji ne kaɗai ke raba su.

Sai ya iso wata gada ta igiya ɗaya, iska na kaɗa ta. Nan ba ƙarfi ake so ba, a riƙe maɓallin ne a hankali, kada a saki, kada a danne. Sati shida yana faɗowa daga gadar nan.

A cikin satin na shida Babban Yaya, wanmu duka, ya zo. Shagunan na gidanmu ne, shi ke da ta cewa, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce wani mai sayar da kayan waya yana son wurin, ba za a bar ɗaki a kulle ƙura na ci ba, ƙanensa kuma ya zauna ya huta. Ya miƙa hannu, Yaya ya ɗora masa makulli.

"Ba don komai ba ne," in ji Babban Yaya. "Ranar nan haɓa ka yanka. Gobe in maƙogwaron wani ne fa?"

Yaya ya ce, "Zo ranar Asabar da safe in yi maka. In ka ga jini, ka ba mai kayan wayar shagon."

Na ce, "Yaya, ka haye gadar ne?"

Ya ce, "Saura kaɗan."

Ranar Asabar ban iya saka zare a allura ba. Babban Yaya ya buɗe shagon da kansa, ya zauna, ya kwantar da kai. Ya bar gemunsa kwana biyar. Na tsaya bakin ƙofa. Yaya ya wasa aska, ya shafa kumfa, ya ɗaga hannun hagu. Na ga babban yatsan ya taso daga tafin hannu, yana rawa, ya sauka a kuncin Babban Yaya ya ja. Fatar ta miƙe. Aska ta bi, shuu, ta bar layi fes.

Kunci ɗaya, sannan ɗayan, sannan haɓa. Babban Yaya ya riƙe hannun kujera har jijiyoyinsa sun fito, gumi na gangarowa cikin kumfar. Da aka gama haɓa sai ya haɗiyi yawu ya ɗaga wuya.

Yaya ya ɗora yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda fata ta fi laushi. Ya ja, ta zame. Ya goge yatsan a tawul ya sake ja, ta kama, ya kawo aska har ta taɓa gashi. Sai na ga yatsan ya fara saki a hankali, fatar na tattarewa dab da bakin ƙarfe. Na toshe bakina da mayafi don kada in yi ihu.

Ya ɗage askar, ya ninke ta, ya ajiye.

"Nan ban kai ba tukuna," ya ce. "Na san inda na tsaya. In ka ga ka ba shi shagon, ka ba shi, amma ba zan yi caca da wuyanka ba."

Babban Yaya ya daɗe yana kallon madubi. Kumatu fes, wuya kuwa duhu kamar an manna masa burushi. Ya goge kumfar da kansa, ya miƙe, ya ajiye makullin kusa da askar.

"Aikin bai ƙare ba," ya ce. "Ba wanda zai taɓa wuyan nan sai kai."

Haka ya riƙa zuwa ofis, mutumin da ko maɓalli ba ya bari a buɗe. Abokan aikinsa suka sa shi gaba da tsiya, matarsa ta sayo reza ta ajiye masa a banɗaki, ya ƙi ko kallonta. Kwana ashirin da uku ya yi a haka, kullum sai ya biyo ta layinmu ya wuce.

Ran na ashirin da huɗu suka shiga shagon su biyu suka turo ƙofa. Ban bi su ba, wallahi ba zan iya ba. Na zauna gaban keke riƙe da rigar mutane, har na ji ƙofar ta buɗe. Babban Yaya ya tsaya a gabana idonsa jawur, ya ɗaga haɓa sama.

"Auta, duba min da kyau," ya ce. "Akwai jini?"

Na duba daga kunne zuwa kunne. Na buɗe baki in ce babu, kuka ya riga ni.