Kyari Gana, Wanda Aka Ce Yana Ɗaga Kai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2023, bayan azahar, Allah ya yi wa Malam Kyari Gana rasuwa a gidansa da ke unguwar Birni, cikin Damagaram, bayan ciwon ƙirji na ƴan kwanaki. Ni Suma'ila, taubashinsa, ni ke wannan rubutu. Tare muka tashi a Hamdara, kuma duk tsokanar da na yi masa a duniya ya rama ta da ƙari.

Kyari, da yawa daga waɗanda suka yi maka salla ba su san ka ba sai da sunan da ƴan kasuwa suka laƙaba maka, Mai-ɗaga-kai. Bari in faɗa musu inda sunan ya samo asali. An haife ka da raunin jiki. Fatar idonka a sauke take, ba ka iya ɗage ta, don haka in za ka kalli mutum sai ka mai da kai baya ka leƙo shi ta ƙasa. Fuskarka kuma ba ta motsi, ko murmushi ba ta yi. In dariya ta kama ka, gwiwa kake bugawa. Mu na gida mun san haka. Baƙo kuwa, abin da yake gani shi ne mutum ya ɗaga masa hanci yana magana.

Da yake fartanya ta fi ƙarfinka, aka sa ka lakwal, wato makarantar boko, daga baya ka koyi gyaran rediyo ka kafa tebur a kasuwar Dole. Tsofaffin unguwa ba ka karɓar ko sisinsu. Sai dai ka ce su zauna ku saurari labarai tare, wai kana gwada aikin.

A farin 1984 gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Mutanen Hamdara suka yi ta shigowa birni, zaurenka ya cika, matarka Fanta tana dama kunu a tukunyar biki. Sai labari ya zo cewa an tsallake Hamdara a rabon jar dawar taimako. Yara sun fara kumburin ƙafa, kuma an riga an binne wasu. Dattawa suka ce kai za ka je ka yi magana, tunda kai ke jin faransanci. Ni na raka ka.

Mai rabon yana zaune a bakin magaza, ɗakin ajiyar dawar. Ka yi sallama, ka mai da kai baya don ka gan shi, ka fara bayani. Bai bari ka kai ƙarshe ba. Ya ce, "Wa kake ɗaga wa kai? Roƙo ka zo ko umarni? Je ka ka koyo ladabi." Aka kore mu. Na so in koma in yi masa bayanin idonka, ka hana ni. Ka ce mutumin da ya riga ya fusata, bayani ma rashin kunya zai zame masa. A zaure ba wanda ya zarge ka, amma na ji wata tsohuwa tana cewa da ma wani aka aika.

Washegari ka ce mu koma. Tun daga nesa ka sunkuyar da kai, ka kama hannun rigata. Mai rabon bai san cewa in ka sunkuya ba ka ganin komai sai ƙafarka ba. Na ja ka har gabansa kamar makaho, ka durƙusa, alhali ka san in ka kai ƙasa ba ka iya tashi da kanka. A haka ka yi masa magana, ka lissafa gidajen da aka yi rashi. Ya ce yanzu ka yi magana irin ta mutane, ya sa aka loda wa Hamdara rabonta a kamyo. Kana nan durƙushe har motar ta tashi. Sannan ka ce, "Suma'ila, an loda?" Na ce an loda. Ka ce, "To, ɗaga ni." Na ji zafin ranar nan, kuma har yau ina jin sa. Kai kuwa ba ka ƙara tayar da zancen ba.

Sai da muka tsufa aka san sunan ciwon. An haifi jikarka Maryam da ido irin naka, wani likita a Yamai ya aika da jininta waje. Ya ce a cikin tsoka akwai wata ƴar ƙofa da saƙon jijiya ke bugawa, sinadarin kalsiyam ya fito, tsoka ta motsa. Ƙofar tana da ɗan mataimaki, wani ƙaramin furotin, shi ne ke da rauni a jininku. Ya kuma gargaɗe ku da kada a yi wa ɗayanku aikin fiɗa sai an gaya wa mai ba da maganin barci. Da aka yi maka bayani ka bugi gwiwa, ka ce ai rediyo ma haka take, komai lafiya, ɗan siririn waya ne ya saki. Daga nan ka tambaya ko yarinyar za ta iya karatu. Aka ce za ta iya.

Allah ya jiƙan ka, Kyari. Allah ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Fanta, da ƴaƴanka Idirisu da Amina, da dangi na Hamdara da Zermu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura roƙo guda ga mutanen Birni, musamman malaman lakwal. Ranar sadakar uku Maryam ta zo gaishe ni, ta tsaya ta mai da kai baya. Wata baƙuwa ta ce mata, "Ke, sunkuyar da kai gaban manya." Na ce a ƙyale ta. In kun ga yarinyar nan ta ɗaga muku kai, so take ta gan ku.