Mai Toka da Ɗakin da Ya Fito Kore

Gaggawa nake so in ja wa kunne yau, ita da ƙanwarta, wato yarda da duk abin da waya ta nuna. Amma bari in fara miƙewa tsaye don mutumin da bai taɓa ba su wurin zama ba, mai gyaran hoto na bakin layinmu da ake kira Mai Toka. Ƙarshen watan nan zai miƙa wa 'yarsa makullin shago ya huta.

In ya buɗe da safe, labule yake fara ja. Bangon shagon ruwan toka, rigarsa ruwan toka, ko hula mai ado ba ya sawa, wai kalar tufafi tana faɗawa kan allon kwamfuta ta ruɗi ido. Lokaci lokaci sai ya rataya wa allon wata 'yar na'ura, ta auna ko ja yana nan a jansa. Na taɓa tambayarsa ko makoki ake yi a shagon. Ya yi dariya ya ce, "Baba, allo fitila ne, takarda kuwa aron haske take yi. Sai an zauna an sulhunta su."

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya buga babban aiki sai ya fitar da ɗan gwaji, mai aikin ya kai shi bakin ƙofa ya duba a hasken rana, ya ce ya yarda.

To, mijin 'yata fenti yake sayarwa. Ya so a buga masa takardun samfuri, mai saye ya nuna kala da yatsa. Ya je da hotuna a waya. Mai Toka ya ce ya shafa kowane fenti a katako, in ya bushe ya kawo a haɗa da gwaji.

"Haba maigida, ga shi nan raɗau a waya!"

"Wayar za ka liƙa wa mutane a bango?"

Gogan naka ya yi zuciya, ya tafi wurin wani mai injin da ba ya tambaya. Kafin shayi ya huce an buga masa.

Wa ya fara zaɓa? Surukarsa, uwar 'ya'yana, don ya yi alkawarin gyara mata ɗaki. Ta ɗora yatsa kan wani shuɗi mai sanyi kamar sararin sama, ta tafi ziyara gidan ƙanwarta. Shi kuma ya duba lambar da ke ƙasan samfurin ya turo masu shafa fenti. Da ta dawo ta buɗe ƙofa, sai na ji ta ƙwala mini kira.

"Malam, zo ka gani. Ni kwaɗo ce?"

Ɗaki ya fito kore kamar kududdufi. Surukin ya zo ya durƙusa, kai a ƙasa. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya yi albarka, ɗana." Gara ma a ce ta zage shi.

Washegari ya koma shagon Mai Toka da katako rungume a ƙirji. Mai Toka bai ce masa ai na faɗa maka ba. Kujera ya tura masa. Da gwajin ya fito kuma, Mai Toka da kansa ya tako har gidana, ya miƙa wa tsohuwa a tsakar gida ya ce, "Inna, duba da kyau, wannan ne?"

Kai ne wannan, Mai Toka. Kai ne ba ka taɓa mayar da baƙin mutum fari don a yaba maka ba. Kai kake raba wa mutum hotonsa biyu, na waya daban, na takarda daban, ka kuma yi masa bayani ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun gode. Allah ya bar maka idanunka, ya sa 'yarka ta riƙe labulen nan yadda ka riƙe shi.

Ku kuma masu tasowa, kowace sana'a kuke yi, ku gwada kaɗan kafin ku yi mai yawa. Wanda ya ga tsoho ne ke surutu, ya je ya tambayi surukina. Ya yi asarar bokitin fenti huɗu, damin takardun da yanzu ake fifita da su, da sabuwar rigarsa da ta lalace ranar da ya sake shafe ɗakin da hannunsa. Har yau kuma, in ya shigo gaisuwa, jikokina kukan kwaɗo suke yi a bayan ƙofa.