Libarbar Baba da Na Goge da Yashi

Da Baba ya rasu bai bar dukiyar da za a ɗaga murya a kanta ba. Gona ɗaya a bayan Ɗanzomo, 'yan shanu, awaki, sai akwatin ƙarfe. Mu biyu ne magada, ni da yayana, don Inna ta riga shi tafiya.

A cikin akwatin, naɗe a tsohon rawani, akwai libarba, ƙaramar bindigar nan ta hannu mai ganga a tsakiya da ke juyawa. Farin ƙarfe ce, irin wanda tsatsa ba ta kamawa. Wani Bature da Baba ya yi wa tuƙi lokacin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Gumel ne ya bar masa ita da zai koma gida. Ba ta tashi. Tun ina yarinya Baba ya sa aka cire ƙusar da ke dukan harsashi a gaban dagaci, ya ce ba zai kwana ɗaki ɗaya da abin da ke kashe mutum ba. Amma yana son ta. Yakan fito da ita ya yi ta juya gangar yana ba ni labarin hanyoyin da suka bi, ni kaɗai nake zama in saurara.

Yaya ya ce a sayar. Akwai wani dillali daga Kano mai sayen kayan da, takubba da tsofaffin tasoshi, ya ji labarinta ya aiko. Na ce ba inda za ta, a sa ta a rabona. Malamin da zai raba mana gado ya ce to, amma sai an san ƙimarta, kuma ba daga bakin mai saye ba, ba daga bakin magaji ba. Ya tura mu wurin wani tsohon maƙeri a Maigatari da ya shekara hamsin yana gyara bindigogin maharba, wanda dillalan da kansu sukan kai wa kaya ya duba.

Ana gobe za mu tafi na warware rawanin, sai kunya ta kama ni. Ƙarfen ya dushe, katakon mariƙin ya yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu. Ni mace ce da ake duba fuska a gindin tukunyarta. In kai kayan ubana gaban mutane haka, a ce bai bar 'ya ba? Na zauna gindin darbejiya tun hantsi, da toka da yashi da soson ƙarfe da lemon tsami. Na dirje ta har yatsuna suka yi zafi. Katakon kuwa na kankare shi da fasasshiyar kwalba yadda ake yi wa sabuwar muciya, na shafa man gyaɗa. Kafin la'asar tana ɗaukar ido. Na ce yauwa.

Ranar Alhamis muka isa, kasuwa ta cika, kukan shanu da na manyan motoci ba ka jin na kusa da kai. Maƙerar tana can bayan masu sayar da igiya. Tsohon ɗan siriri ne, ido ɗaya ya yi yana, yatsunsa duk tabon wuta. Ya bar mu a tsaye har ya gama kaifin wani lauje. Sannan ya wanke hannu, ya shimfiɗa buzu, ya yi bisimilla ya karɓa.

Abin da ya fara yi shi ne buɗe gangar ya leƙa kowane rami.

Yaya ya ce, "Baba, ai ba komai ciki, ba ta ma tashi."

"Kowa haka yake cewa, ɗana. Na je jana'izar biyu daga cikinsu."

Ban taɓa ganin mutum yana duba abu kamar yadda tsohon nan ya duba ta ba. Ya kai ta kunne yana juya gangar a hankali, yana sauraron kowane ƙas. Ya sa farcensa a gindin bututun ya tari rana, ya leƙa ta baki da lafiyayyen idon. Ya bi kan kowace ƙusa da ɗan yatsa. Ya ce ba a harba ta da yawa ba, cikin bututun kamar jiya aka yi shi. Ya ce ƙusa ɗaya tak aka taɓa kwancewa, kuma wanda ya kwance ta mai hankali ne, bai ci mata baki ba. Duk bai tambaye mu komai ba.

Sai ya nuna mini wasu lambobi a gindin mariƙi, da wasu a ɓoye inda gangar ke rufewa. Ya ce shi bai yi boko ba, siffarsu yake gwadawa, amma ido ya fara gardama. Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka na karanto masa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Suka zo daidai.

Ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba a yi mata aron komai ba. Masu tara irin wannan abin da suka fara nema ke nan."

Na kalli Yaya ina hura hanci. Sai tsohon ya kai ta hancinsa ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Wa ya yi miya da ita?"

Na ce ni na gyara ta, jiya-jiyan nan.

"Da me, 'yar nan?"

Na lissafa masa, har da kwalbar. Ya ajiye ta a kan buzu kamar mai ajiye marar lafiya. Ya karkata ta ga rana ya nuna mini dubban 'yan zane-zane da yashi ya yi, da rubutun kan bututu da bakinsa ya lafe, da ƙananan sassaƙar katako da na share sumul.

"Wannan baƙin da kika kankare, gumin hannun ubanki ne na shekara da shekaru. Shi ake saye. Ƙyalli kuwa ga shi can a rumfar masu cokula, ɗauki uku a ba ki ɗaya kyauta."

Yaya ya dafe kai. "Na sani! Ke da shegen iyayi. Tukunyar uban wa aka ce miki?"

"Ta ubanka ce, wadda ba ka taɓa leƙawa ba sai da ka ji ƙanshin kuɗi."

Tsohon ya ce mu yi masa shiru, maƙera ba kotu ba ce. Ya ce shekaranjiya, a hannun mai son ta, ta kai kuɗin bijimin sa. Yau in ta yi tsada raguna biyu.

Yaya ya fita yana huci, wai zai sha iska. Ni kuwa a nan Shaiɗan ya raɗa mini lissafi: in raguna biyu ce, ai ta zo mini da sauƙi. Na matsa kusa na rage murya.

"Baba, in Malam ya tambaya, ka faɗi na yau kawai. Ai shi ne gaskiya."

Bai ko ɗago ba. "Rabin gaskiya ke nan. Ranar da ubanku ya rasu, sa ya bari, ba raguna ba. Ban san ki ba, ban san yayanki ba, ita na sani. Biyun zan faɗa."

Na so in ji haushinsa, na kasa. Na miƙa masa goro da ɗan abin hannu, ya ɗauki goron ya turo sauran, ya ce in ƙara in sayi soso, amma in tsaya a kan tukwane. Na ce in ya kawo tasa tukunyar zan nuna masa aiki, don na ga ta shayinsa, abin tausayi ce. Ya yi dariya har da tari.

Biyun kuwa ya aika wa Malam. Ranar rabo Malam ya ce zaɓi nawa ne: ko a sayar wa dillali in cika wa Yaya abin da na rage, ko in riƙe ta a kan ƙimarta ta farko. Akwai wata jar karsana da ya kamata ta faɗo a rabona, tun tana maraƙa nake ba ta dusa. Malam ya ce in na ɗauki libarba, karsana ta Yaya ce, ya ce in je in yi shawara.

Na ce ba shawarar da zan yi, a miƙo mini rawanin.

Karsanar ta haihu sau biyu yanzu. Duk haihuwa sai Yaya ya hau babur tun daga Ɗanzomo har Gagarawa inda nake aure ya zo ya faɗa mini da bakinsa, ya tambaya ko tawa ta yi ciki. Nakan ce masa tawa ba ta cin dusa, in zuba masa fura ya sha ya tafi.