Yadda Ruwan Shuka Ya Watsa 'Yan Goruba

Ranar wata kasuwar Kanan Bakashe ce, a tsakiyar rani, shekarar da Inna ke cewa ina da sha huɗu, Baba ke cewa sha biyar. Ina tsaye a gindin wani kamyo, babbar motar kaya, ina jefa ɗaurin kaba sama, mai lodi yana cafewa. Tun hantsi nake jifa, ko ɗaya bai dawo ƙasa ba. Sai na lura da wani mutum mai farar riga, da usur rataye a wuyansa, ya tsura mini ido har na tsargu. Ya matso ya ce in ɗaga hannu sama. Na ɗaga. Ya kama tafina ya gwada da nasa, ya duba ƙafafuna kamar mai sayen raƙumi, sannan ya ce, "Kai dogo, ɗan wane ne kai?" Na faɗa masa. Ya ce sunansa Mushe Idi, Mushe kamar yadda ake ce wa malaman boko, shi ke koyar da 'Yan Goruba na Tasawa, masu ƙwallon kwando. Na sha jin sunansu a rediyo. Wasan kuwa ban taɓa gani ba.

Ni ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Aikina tun ina ƙarami jan guga a rijiya, kiwon awakin Inna, yankan kaba a cikin gulbi. Wasanmu langa ne da kokawa, da jifan goruba, kuma a jifa ba wanda ya kama ƙafata. In kaka ta yi, ni ake tsayarwa a bakin rumbu ina cilla damin hatsi ta ƙofar sama, Baba yana ciki yana jerawa. Tsawona kuwa abin tsokana ne a garinmu. Tabarma ba ta isata, ƙofar ɗaki kullum sai ta buge mini goshi, 'yan mata a rijiya su ce in leƙa musu ko hadari ya taso daga Mayahi. Mu uku ne a wajen Inna. Babban ya rasu tun yana goye, sai ni, sai ƙanwata Tsahara. Namiji ɗaya ke nan a gidan bayan Baba.

Mushe Idi ya biyo ni har gida. Baba ya saurare shi yana gyaran ƙotar sungumi, bai ɗago kai ba. Mushe ya yi bayanin ci da sha da wurin kwana, da abin da ake ba ɗan wasa duk wata. Ya ce wasa daga bayan girbi ne zuwa ƙarshen bazara, da damina kowa yana gidansu. Baba ya ce, "Na ji. Da rani naka ne. Amma ran da ruwan shuka ya sauka, ko a tsakiyar wasan yake, ɗana nawa ne." Mushe ya yi dariya ya ce ai wannan ba abin magana ba ne. Baba bai yi dariya ba.

Wanda bai noma yashi ba ba zai gane maganar Baba ba. Ƙasarmu ba ta riƙe ruwa. In ruwan fari mai ƙarfi ya sauka, kwana biyu gare ka, in ka yi sa'a uku. Namiji yana gaba da sungumi yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Abin da ka shuka cikin lemar nan shi ne abincinka na shekara. Abin da ka bari sai wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranarsa.

Shekara biyu na yi da 'Yan Goruba. Wani Alhaji mai sayen wake da aya ne ya kafa ƙungiyar, shi ya zuba siminti a filin wasa, shi ke ciyar da mu. Mu goma sha biyu ne. Huɗu 'yan gari, 'yan lakwal, su suka iya dabara. Mu takwas 'yan ƙauye, Mushe ya tsinto mu a kasuwanni saboda tsawo. Babbanmu Haruna, mutumin Gidan Amumune, shi ne kyaftin. Shi ya koya mini ɗaure takalmi, shi ya hana 'yan gari kirana buhun ƙashi. Wata uku na yi ina gudu da ƙwallo a hannu kamar na sato kaza kafin in koyi buga ta ƙasa. Amma jefawa cikin zoben kwandon ba wanda ya koya mini. Bakin rumbunmu ya fi shi wuya.

Mutane sun so mu, so na hauka. Ranar wasa, tun azahar amalankai ke shigowa Tasawa daga ƙauyuka. Kowane gari ya zo ganin ɗansa. Maza a kan katanga, yara a kan itatuwan bedi, masu tuyar ƙosai da masu ruwan sanyi sun kewaye filin, makaɗa suna kiran sunan uban kowa. Tsofaffin da ba su san ƙa'idar wasan ba su suka fi ihu. Wani dattijo daga garinmu yakan miƙe duk sanda alƙalin wasa ya hura mini usur, ya ce, "Kai mai busa, mi yaron ga ya yi maka?" Mun doke ƙungiyoyin Maraɗi a filinsu. Masu kamyo sun rubuta sunanmu a bayan motocinsu. In na jefa ta shiga, filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Dogo! Dogo!" Ni da aka saba yi wa dariya a bakin rijiya. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga jinina.

A shekara ta biyu muka kai wasan ƙarshe na cin kofi, kuma a filinmu za a yi. Da an yi shi a lokacinsa, da ba abin da ya faru. Sai aka ɗaga, wai manyan baƙi ba su samu sukuni ba. Aka sake ɗagawa. Mutanen ofis suka duba takardarsu suka sa wata Asabar, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Mu 'yan ƙauye muna duba. Iska ta juya, zafi ya yi nauyi, shamuwa ta iso. A makon nan kuma saƙo ya same ni cewa amalanke ya taka ƙafar Baba, yana tafiya da sanda.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, gabas ta yi baƙi. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai bayan la'asar. 'Yan gari suna tsalle a cikinsa. Mu takwas muna tsaye a zaure muna kallo. Da ya ɗauke, Haruna ya fita bayan gida ya tona ƙasa da hannu. Hannun ya nutse har gwiwa cikin lema. Direbobin da suka shigo daga Mayahi suka ce can ma haka, har ya fi.

Da gari ya waye Asabar, bakwai sun ɗaure kayansu. Mushe ya tare ƙofa, idonsa ja. Ya ce yini ɗaya kawai yake roƙo. Ya ce mutum biyar ake buƙata a fili, in ba su cika ba an cinye mu ba tare da an taɓa ƙwallo ba, a gaban baƙi, a garinmu. 'Yan gari huɗu ne. Saura ɗaya. Ya juyo gare ni.

"Dogo, ƙasa ba ta gudu. Gobe da sassafe ni da kaina zan sa ka mota."

Haruna ya ce, "Mushe, ƙasa ba ta gudu, lema ita ka gudu. Dogo, ɗauki takalminka mu tahi. Tsohonka ƙafa guda gare shi."

Mushe ya ce, "Shekara biyu ina gina ku. Yini guda!"

Haruna ya ce, "Yinin ga shi ne shekarar."

Duka suka zuba mini ido. Na san alkawarin da aka yi a gaban Baba. Na san Tsahara shekararta tara, Inna kuma ba ta iya sungumi. Na zauna. Ba don tausayin Mushe ba, kada in yi ƙarya. Ina so in ji an kira sunana a ranar kofi. Haruna ya dube ni, bai zage ni ba, ya saɓa jakarsa suka fita.

Da la'asar muka shiga fili. Ba kowa a kan katanga. Ba amalanke ko ɗaya, ba makaɗi, duk suna gona. Sai Alhaji da baƙinsa a ƙarƙashin rumfa, da 'yan ma'aikata da ba za su cika aji ɗaya ba. Ban taɓa jin ƙarar ƙwallo a kan siminti kamar ranar ba. Ina jin numfashina. Rana ta buɗe, iska mai zafi tana kaɗawa. Akwai wani ɗan kududdufi a gefen fili, duk sanda na wuce da gudu sai idona ya kai kansa. Da aka fara ya kai faɗin tabarma. Da aka je hutun rabin lokaci ya koma kamar faifai. Mu biyar, ba mai canjinmu, abokan karawarmu kuwa suna shigo da sababbi. Na jefa ta shiga sau da yawa, aka tafa a hankali kamar a wajen taro. Ɗaya daga cikin 'yan gari ya cika laifi aka fitar da shi, muka ƙarasa mu huɗu. Sun cinye mu da nisa. Alhaji ya tashi tun kafin a hura usur na ƙarshe. Kududdufin kuwa ya zama busasshen taɓo.

Motar da Mushe ya yi alkawari ba ta samu ba, direbobi ma sun tafi shuka. Da ƙafa na kama hanya ranar Lahadi. Hagu da dama gonaki duk an sare, an rufe, sawun diddige a jere har iyakar gani. Rana ta yi sanyi na iso gonarmu. Baba yana tsakiya, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ta kumbura kamar turmi. Yana sara ɗaya, ya ja ƙafa, ya sara ɗaya. Inna da Tsahara suna biye da ƙwaryar iri. Ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba. Na miƙa hannu zan karɓi sungumi. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya kama tafina ya zuba mini. Busasshen yashi ne, ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna.

Ya ce, "Kun ci?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To."

Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya.

Ruwa na biyu sai bayan mako uku. Na shuka sauran gonar ni kaɗai, amma damina ta ɗauke da wuri, hatsin baya ya yi kai ba ƙwaya. Rumbunmu ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Muka sayar da awakin Inna. Muka ci 'ya'yan anza da ganyen tafasa, abincin yunwa. Aka kai Tsahara wajen gwaggo a Mayahi don a rage baki, can ta girma, ba ta ƙara zama gidanmu ba. Ƙafar Baba ba ta sake miƙewa daidai ba.

Bayan girbi Mushe ya zaga ƙauyuka da babur. Ba uban da ya ba shi ɗa. Labarina ya riga shi isa ko'ina. Alhaji kuma ya rantse ba zai karɓi waɗanda suka tafi ba, ya ce sun kunyata shi. Aka nemo wasu 'yan gari aka cike gurbi, amma 'yan kallo dama 'ya'yansu suke zuwa gani. Wasa uku aka yi ba kowa, ƙungiyar ta watse. Alhaji ya maida hankalinsa ga 'yan kokawa.

Yau 'yan kabu-kabu ne ke jiran fasinja a kan simintin nan. Samari suna kallon wasan wasu ƙasashe a cikin wayar salula, in na ce musu Tasawa ta taɓa cika saboda mu, sai su ɗauka zolaya ce. Gonar tana hannuna yanzu, kuma ban ƙara makara ba ko sau ɗaya. Na sha tambayar kaina abin da zan yi in an maida ni safiyar Asabar ɗin nan. Bakina yakan ce da na bi Haruna. Zuciyata ce har yau ba ta amsa da sauri.